Hanyar Bakin Teku ko Ta Tuddan Karkara: Wacce Ta Fi Dacewa da Mai Keken Kwalta?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce kana da keken kwalta mai siririyar taya, kana iya cin kilomita 60 zuwa 80 a yini, kuma kana shirin yin 'yan kwanaki a wani yanki da ke kusa da teku. Kana son sanin wadda za ka zaɓa tsakanin hanyar da ke bin gaɓa kafaɗa da kafaɗa da ruwa, da wadda ta ɗan kutsa cikin karkara tana hawa da sauka a kan ƙananan tuddai. Ka kuma ce zuciyarka ta fi karkata ga ta gaɓa, domin kana ganin shimfiɗaɗɗiya ce, ba za ta ci maka gwiwa ba. A ganina, ka mayar da hanyar tuddai ta zama ginshiƙin tafiyarka, ka riƙa leƙa teku daga can, kuma ga dalilaina.

Zaton cewa gaɓar teku shimfiɗaɗɗiya ce gaskiya ne a wasu wurare kawai. A Holan da Beljiyam, da kuma dajin Landes na kudu maso yammacin Faransa, mutum yana iya yin sa'o'i bai sauya giya ba. Amma inda ƙasa ta tsaya a kan teku da tsaunin dutse, kamar Cornwall da Devon a Ingila ko arewacin Bretagne a Faransa, kowane ƙaramin rafi ya haƙa wa kansa kwari mai zurfi kafin ya faɗa teku, hanyar gaɓa kuwa dole ta gangara cikin kowane ɗaya ta sake hayowa. Garin Roscoff da ke gaɓar arewacin Bretagne misali ne mai kyau, domin manyan hanyoyin keke biyu suna tashi daga nan. Vélomaritime tana bin gaɓa gabas har Dunkerque, kimanin kilomita 1,500, kuma sashenta na Bretagne cike yake da gajerun hawa masu tsauri. Vélodyssée kuma, wadda ke nufar Hendaye a kan iyakar Sifaniya, da farko tana barin teku ta bi tsohon layin dogo zuwa Carhaix, sannan ta kama gefen mashigin ruwan da ya haɗa Nantes da Brest, kuma ita ce mai sauƙin hawa a cikin biyun. Ko a gasar Tour de France ta 2022, a kan Cap Blanc-Nez, tudun da ke kan teku kusa da Calais mai tsayin kimanin mita 134, ɗan tseren keke Wout van Aert na Beljiyam ya tsere wa sauran 'yan tseren ya ci zangon ranar.

Sai mu ɗauka gaɓar da za ka je shimfiɗaɗɗiya ce da gaske. A nan abin da zai maye gurbin tudu shi ne iska, kuma a kanta nake son in daɗe, domin ita ce masu fara wannan harka suke rainawa. Ƙarfin da iska ke tura mai keke baya yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa: idan gudun iskar da ke dukan ƙirjinka ya ninka sau biyu, turin yakan ninka sau huɗu. Idan kana tafiyar kilomita 25 a sa'a, iska kuma tana tunkaro ka da kilomita 20 a sa'a, jikinka yana fama ne da iska mai gudun kilomita 45, wato turin ya haura ninki uku na abin da za ka sha a ranar da gari ya yi tsit. Tudu kamar adashe yake, ka zuba a hawa ka kwasa a gangara, ko da yake ba duk abin da ka zuba ne yake dawowa ba. Ƙaramin tudu yana ƙarewa cikin minti biyu ko biyar, ƙafa ta huta, numfashi ya daidaita, ka tashi daga sirdi jini ya zagaya. Iskar gaɓa kuwa tana iya riƙe ka sa'o'i uku a giya ɗaya da zama ɗaya, ba inda za ka saki feda, kuma wannan ne yake kawo ciwon wuya da baya da tafin hannu da yawancin mutane ke ɗora wa tsawon hanya.

Iskar teku tana da lokacinta, kuma sanin wannan yana rage wahala. Da rana ƙasa takan fi ruwa saurin ɗaukar zafi, sai iskar da ke kanta ta tashi sama, mai sanyi daga teku ta kwararo ta cike gurbin, abin da yakan fi ƙarfi daga tsakar rana zuwa yamma. Tunda daga teku take zuwa, mai bin gaɓa yakan same ta daga gefe, tana fizgar tayar gaba, musamman idan rim ɗin keken mai faɗi ne. Ban da wannan akwai iskar da ta saba kaɗawa a yankin, wadda a yammacin Turai galibi daga yamma ko kudu maso yamma take fitowa. Cikin karkara kuwa, tuddai da itatuwa da shingayen gonaki suna karya ta. Karkarar Normandi da ta Devon sun shahara da dogayen shingaye na ƙasa da ƙaya a gefen ƙananan hanyoyi, har mai keke yakan ji kukan iska a sama shi kuma yana tafiya cikin kwanciyar hankali.

Kada dai kalmar ƙananan tuddai ta yaudare ka, domin tana ɗauke da ƙasashe iri-iri. Tudu mafi tsayi a Denmak, Møllehøj, kimanin mita 171 ne kacal, amma wanda ya yi yini a gabashin Jutland zai ji a cinyarsa cewa ya hau ya sauka. Paterberg na Beljiyam, wanda ake hawa a gasar Ronde van Vlaanderen, tsawon hanyar hawansa bai kai mita 400 ba, amma matsakaicin tsaurinsa ya kusa kashi 13 cikin ɗari, a wani wuri ma ya kai 20. Saboda haka lambobi biyu za ka duba a manhajar taswira kafin ka amince da kowace hanya. Ta farko ita ce jimillar hawa idan aka raba ta da tsawon hanya: mita 500 zuwa 600 a cikin kilomita 60 hanya ce mai daɗi ga mai irin ƙarfinka, idan kuwa ta kai mita 900 to ta bar sahun masu sauƙi. Ta biyu ita ce tsaurin hawa mafi muni. Kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari, wato hawan mita uku zuwa biyar a kowace tafiyar mita 100, ana cinye shi a zaune. Daga kashi 10 zuwa sama sai da giya mai sauƙi, irin faranti mai haƙora 34 a gaba da mai 32 a baya.

Wajen motoci da lafiyar hanya, kowacce da nata aibin. Hanyar gaɓa takan zama guda ɗaya tilo da ta haɗa garuruwan shaƙatawa, don haka a watannin Yuli da Agusta na Turai tana cika da baƙin direbobi waɗanda idonsu ke kan teku. Inda aka ware wa keke hanyarsa, sau da yawa da masu tafiya a ƙasa da yara za ka raba ta, ga yashin da iska ke tarawa a kan kwana, wanda yake kayar da mai siririyar taya cikin ƙiftawar ido. Gishirin da ke cikin iskar teku kuma yana sa sarƙa tsatsa da wuri, sai an riƙa gogewa ana sa mai. A karkara motoci kaɗan ne, amma akwai tarakta da laka a ƙofar gonaki, da kwanar da shinge ya rufe ba ka ganin mai zuwa, da ƙayar da ke zuba bayan an yi wa shinge aski. Taya mai faɗin milimita 28 zuwa 32 ta fi dacewa da duka biyun, kuma ka tuna cewa wasu sassan manyan hanyoyin keke, irin na gefen mashigin Nantes, dandaɓaɓɓiyar tsakuwa ce.

Akwai abin da gaɓa ta fi, kuma ba zan rage mata ba. Ɓata hanya yana da wuya matuƙar teku na gefenka ɗaya, garuruwa suna kusa da juna ta yadda ruwan sha da masauki ba sa zama damuwa, kuma doguwar hanya irin EuroVelo 12, wadda ta zagaye Tekun Arewa, tana da alamomi a yawancin sassanta. A karkara sai ka ɗauki ruwa isasshe da kayan faci, ka kuma sauke taswira a waya tun kafin ka fita. A Beljiyam da Holan an sauƙaƙa wannan da tsarin mahaɗar hanyoyi masu lamba, wanda injiniyan ma'adinai Hugo Bollen ya ƙirƙiro aka fara amfani da shi a lardin Limburg na Beljiyam a 1995: mutum ya rubuta jerin lambobi ya manna a kan keke, ya yi ta bi.

Ga yadda zan tsara yinin kilomita 70 da ni ne kai. Zan duba hasashen iska da daddare, in zana hanya mai zagaye wadda kashi biyu cikin uku nata ke cikin tuddan da ba su wuce kilomita 10 ko 15 daga teku ba, in bi ta ta fuskar da za ta sa in tunkari iska cikin kariyar shingaye tun da safe ina da ƙarfi. Sauran kashi ɗaya zan bar shi ga gaɓa, a sashen da iskar yankin za ta kasance a bayana. Idan iska ba ta tilasta wata fuska ba, a ƙasashen da ake tuƙi ta dama ka bi gaɓa teku yana hannun damanka, domin kada sai ka tsallaka titi duk lokacin da kake son tsayawa. A Ingila da Ailan kuma akasin haka za ka yi.