Fentin jirgin ruwa na alminiyam: wanne za ka saya, wanne za ka bari a shago

Masu tambaya ta inbos kan fentin da na sa wa ɗan jirgin nan nawa da na gyara a Yauri, ga amsa nan gaba ɗaya. Fentin sama ba shi ne matsalar ba, firaima, wato shafin farko da ke ƙarƙashi, ita ce komai. Alminiyam ba ya tsatsa irin na baƙin ƙarfe, amma da ka goge shi iska ta taɓa shi sai ya yi wata fata siririya da ido ba ya gani, ita ke hana fenti kamawa. Shi ya sa in ka goge da samfefa lamba 80 ko 120, ka share da asiton, ruwan nan mai cire maiƙo, to ranar nan za ka shafa firaima, kar ka ce sai gobe.

Jar firaimar nan ta masu walda da ake sa wa ƙofa da gate, manta da ita, ta ƙarfe ce, ruwan Neja zai ɗaye ta kamar ɓawon rogo. Ta gwangwanin feshi da ake kira ecin firaima ba laifi in ɗan faci za ka yi, amma siririya ce ƙwarai.

Ni firaimar ifoksi nake so kuma ba na ɓoyewa. Gwangwani biyu take zuwa, fenti da hadana, wato ruwan da ke sa ta daskare, ka haɗa daidai yadda anka rubuta a jiki, kar ka yi awon ido. In ta bushe tana toshe ruwa sosai, tana riƙe kan ribit da wurin walda inda yoyo ke farawa, kuma ja da muke yi wa jirgi bisa rairayi da tsakuwa a bakin ruwa bai cika cin ta ba. Shafi biyu na yi. Aibinta biyu ne, tsada, sannan da zafin Kebbi in ka haɗa da yawa za ta daskare maka cikin kwano kafin ka kai rabin jirgi, don haka kaɗan-kaɗan, da sassafe. Rana kuma tana sa ta yin gari, dole ka rufe da fentin sama, 2K irin na masu fentin mota ya wadatar.

Fentin gindin jirgi mai hana gansakuka, in da tagulla a ciki kar ka kusance shi, cinye alminiyam yake yi har ya huje. Haka burushin waya na baƙin ƙarfe, haka sodar nan ta yin sabulu.

To yanzu zancen 'yan damfara, don nan anka ƙone ni. Karon farko da na je sayen ifoksi, wani mai shago ya ce min "Alhaji wannan orijinal ce daga Legas", gwangwani fes da tambarin kamfani. Ashe hadanar an tsinka ta da tina. Kwana biyar jirgi na kife bisa tayoyi yana danƙo, ƙurar hunturu da ƙwari duk sunka manne, da na danna yatsa sai da zanen yatsana ya fito. Haka muka zauna ni da ƙanena muna kankarewa, samfefa na cushewa kamar ka goga ta a cingam, kuɗi sun tafi, mai shago kuma ya ce wai ni ban iya haɗi ba.

Saboda haka duba bakin murfi, in da alamar an taɓa ɓalle shi da sukundireba ajiye musu abinsu. Duba kwanan wata da lambar da ke gindin gwangwani, wasu liƙa sabuwar takarda suke bisa tsohuwa, sa farce ka gani. Kar ka yarda a tsiyaya maka hadana a robar ruwa wai ta babban gwangwani ce. Wanda ya ce maka fenti ɗaya na yin katako da ƙarfe da alminiyam duka ba firaima, ciniki kawai yake nema. Kuma kafin ka taɓa jirgi, haɗa cokali guda ka shafa a murfin tsohuwar tukunyar alminiyam ka bar shi ya kwana, in da safe farce ya shiga, mayar masa da kayansa tun rasit na aljihunka.