Gargaɗi ga masu tara LEGO: ku kula da mai karɓar kafin alƙalami kan tsofaffin saiti

Jama'a masu tara LEGO (ƙananan bulon robar nan na wasa da ake harhaɗawa) da masu gini da shi, don Allah ku karanta wannan har ƙarshe kafin ku sake tura wa wani ko sisi. Akwai wani mai sayarwa da ke yawo a guruf-guruf na saye da sayarwa a Facebook da Telegram, ya riga ya yi wa mutanenmu da dama shigo-shigo ba zurfi, kuma har yanzu yana nan yana aiki. Ba zan kama suna ba don sunan ma na aro ne, yau wannan gobe wancan, hoton furofayil ma haka. Salonsa ne dai ba ya sauyawa, shi zan zayyana muku.

Da farko ku cire a ranku cewa irin tallan nan ne na shafukan bogi da ke cewa wai kamfani na rufe sito an zabge kashi 80 ko 90 cikin 100 na farashin manyan saiti irin su Titanic ko Millennium Falcon. Waɗancan kam duk wanda ya ɗan jima a harkar nan ya san su, sababbin shiga da iyayen yara masu neman kyauta suke kamawa. Wannan mutumin ɗan hannu ne, ko kuma ya zauna ya karanci 'yan hannu sosai. Zai shigo guruf ya yi makonni bai tallata komai ba, yana yaba ginin mutane, yana shiga musun ko ya kamata a manna sitika ko a bar ta a takardarta, ya san Café Corner mai lamba 10182 shi ne farkon jerin gine-ginen modula (gidajen da ake jerawa a haɗa su su zama titi) a 2007 har ya san cikinsa fayau yake babu kayan ɗaki, ya san wahalar samun bulon nan kore mai toka-toka na saitin Green Grocer. In kana hira da shi wallahi sai ka ce kun shekara goma tare.

Daga nan sai ya fara sayar da ƙananan kaya. Ɗan saiti na motocin Speed Champions, minifig (ƙananan mutum-mutumin LEGO) biyu uku, ledar bulo da aka ware kala-kala. Kuma kaya suna zuwa! Na gaske, a kan lokaci, an naɗe su da kyau, wani lokacin har da ɗan ƙari a ciki. Sai ya ce maka ɗan uwa don Allah ka ɗan rubuta shaida a guruf, kai ma da zuciya ɗaya ka rubuta, shi kuma ya ɗauki sikirinshot ya adana. Wannan shaidar taka ita ce jarinsa, da ita zai damfari mutum na gaba, kuma abin da ya fi ci mini rai ke nan a duk lamarin, mutanen kirki ne suka tsaya masa ba su sani ba.

Bayan ya tara shaidu sai babban kamu ya fito. Wai wani dattijo ne mai tarawa ya rasu iyalansa na son rabuwa da kayan, ko wai shi da kansa zai tashi daga gida ba wurin ajiya. Sai ka ga hotunan kwalaye ba a buɗe ba: Café Corner, Green Grocer 10185, Taj Mahal na farko 10189 na 2008, tsohon Millennium Falcon 10179 na 2007. Duk wanda ya san harka ya san an daina yin waɗannan tuntuni kuma samun su a rufe sai an tona. Farashin da yake sawa kuma da wayo, ƙasa kaɗan da abin da za ka gani a BrickLink, kasuwar intanet ta saye da sayar da kayan LEGO, daidai yadda za ka ce ka yi sa'a amma bai kai ka ce anya ba. Sai ya biyo ka ta inbos, "Malam kai na fara tunawa, akwai mutum biyu a layi amma na fi son ya je hannun wanda ya san darajarsa, ka ba da kafin alƙalami rabi in ajiye maka zuwa gobe." Kwali ɗaya, kowa an ce masa shi aka fara tunawa, kowa kuma an roƙe shi kar ya faɗa a guruf don kar sauran su ji haushi. Da haka ya raba mutane, ba wanda ya san an sayar wa ɗan uwansa abin da shi ma ya biya.

Wajen biyan kuɗi nan ne ya kamata kowa ya farka. In PayPal ne zai ce a tura ta Friends and Family wai don a kauce wa cajin da ake cira, har ya ce zai rage maka wani abu. To ku sani, wannan hanyar an yi ta ne don tura wa dangi da abokai kuɗi, babu kariyar mai saye a cikinta ko kaɗan, ka tura ka tura ke nan. Goods and Services ita ce ke ba ka damar kai ƙorafi. In ka nace sai ya ce asusunsa na da matsala, ka tura ta banki zuwa asusun "matarsa" ko "ƙaninsa", ko kirifto, ko katin kyauta. Sunan da ke asusun bai taɓa zama ɗaya da sunan da kake hira da shi ba.

Abin da ke biyo baya kala uku ne, gwargwadon yadda ya auna ka.

Wasu shiru kawai suke ji. Uzuri na sati biyu, rashin lafiya, tafiya, kamfanin aike ya yi kaza, sannan a wayi gari ya toshe ka ya goge akawun ya yi layar zana.

Wasu kuma yana ba su lambar bibiyar kaya ta gaske, kana dubawa kana ganin kaya na tafiya har a rubuta an isar, kai kuwa ba abin da ya zo ƙofarka. Abin da ya yi shi ne ya aika 'yar ambulan ko wani tarkacen banza zuwa wani adireshi a yankinku, don in ka kai ƙara ya nuna shaidar an isar. Maganin wannan nauyi ne. Babban Millennium Falcon 75192 na 2017 guntaye guda 7,541 ne a ciki, Titanic 10294 kuma guda 9,090, kowannensu da kwalinsa ya haura kilo 10 nesa ba kusa ba. In rasit ɗin aike ya nuna giram 200, ai magana ta ƙare. Ku riƙa neman hoton rasit mai nuna nauyi da cikakken adireshin da aka rubuta, in ya fara kame-kame kun san inda aka dosa.

Na ukun shi ya fi zafi don sai an jima ake ganewa. Kwali zai zo, na gaske, a rufe, ka ɗora a kanta kana murna, kuma da yake yawancin masu sayen irin waɗannan ba buɗewa suke yi ba, sai a yi wata da watanni. Wani ɗan uwa da abin ya shafa ya nuna mana nasa da ya buɗe. Salatif ɗin bakin kwalin an ɗaga shi da zafi an mayar, in ka karkata shi wajen haske za ka ga inuwar inda ya fara zama da 'yar ƙura da gashin kwali da suka maƙale a ƙarƙashi, gefe ɗaya ma lambar da ke jikin salatif ɗin ta bambanta da ta ɗaya gefen. A ciki ledojin an yanka an sake liƙewa da injin liƙe leda, bakin ya yi kauri ya karkace, an tsince minifig duka da guntayen da ke da tsada, an cike gurbin da bulon jabu yadda in ka girgiza kwalin za ka ji ƙarar da kake sa ran ji, nauyin ma ya yi daidai.

Tunda maganar jabu ta zo bari in ɗan tsaya a kai. Bulon LEGO na gaske akwai sunan kamfanin a kan kowane ɗan maɓallin da ke samansa, ƙanana amma a fili, in ka juya cikinsa kuma galibi za ka ga lambar ƙirar, misali 3001 ita ce ta bulo mai 2x4. Robar ABS suke amfani da ita tun 1963 kuma kamun bulon daidai yake, ba ya zubewa ba ya kuma sa ka ciwon yatsa wajen cirewa. Na jabu maɓallin a shafe yake ko da wani tambari daban, kala na ɗan bambanta tsakanin guda biyu da ya kamata su zama iri ɗaya, tagogi da gilasai suna zuwa da hazo da ƙarce. Kamfanin Lepin na China ya kwafi manyan saiti da yawa har da fasalin kwali kafin 'yan sandan Shanghai su kai musu samame a 2019, a 2020 kotu ta ɗaure jagoransu shekara 6, amma kayan da suka riga suka fita kasuwa suna nan suna yawo kuma wasu sun ci gaba da sana'ar da wasu sunaye. Ni ba ruwana da wanda ya sayi bulon wani kamfani da saninsa, akwai masu yin nasu zanen na kansu kuma kowa da aljihunsa. A sayar maka da shi da sunan LEGO a kuɗin LEGO, wannan sata ce.

Kar kuma wani ya ga an rubuta China a jikin kwali ya ce jabu ne, LEGO na da masana'antarsu a Jiaxing, kamar yadda suke da su a Billund ta Denmark da Kladno ta Czech da Hungary da Monterrey ta Meziko. Mutumin nan ma yana amfani da wannan ruɗanin, in ka ce bulon bai yi maka kama da na gaske ba sai ya ce ai na masana'antar China ne shi ya sa. Ƙarya ne, duk inda aka yi shi tambarin na nan a kan maɓalli.

Minifig kuwa sai an ƙara sa ido, don yanzu akwai masu ɗaukar jikin minifig na gaske mara zane su buga zanen mai tsada a kai, ka duba wuya ka duba tsakanin ƙafafu ka ga tambari lafiya lau alhali zanen na bogi ne. Mr. Gold na 2013 guda 5,000 kacal aka yi a duniya, Boba Fett na saitin Cloud City 10123 na 2003 mai zane a hannu da ƙafa shi ma kowa nemansa yake. Mutum ɗaya ya ce yana da uku uku na kowanne kuma duk sababbi fil, haba malam.

Akwai wani reshe na damfarar da shi ma ake zargin yana yi da saitin da har yanzu ake sayarwa a shaguna. Za ka biya shi, shi kuma ya je shagon intanet na gaske ya yi oda da katin bankin da aka sace ya sa sunanka da adireshinka. Kaya su zo sababbi daga shago, kai kana ta godiya, ran da mai katin ya kai ƙara sunanka ne a kan odar. In ka sayi abu wajen mutum amma kwalin ya zo kai tsaye daga wani babban shago da takardar oda mai sunan wani ko ƙarshen lambar katin da ba naka ba, ka ajiye komai ka sanar da shagon da kanka tun kafin su neme ka.

Hotunan da yake turawa ma yawanci na sata ne daga tsofaffin tallace-tallacen eBay. Ku saka su a Google Lens, manhajar binciken hoto, ku ga ko sun taɓa fitowa a wani wuri. Hoton takarda mai suna da kwanan wata a gefen kwali ya daina isa, ana haɗa wannan da kwamfuta cikin minti biyu. Ku ce a yi kiran bidiyo, ya juya kwalin ta kowane gefe, ya kawo salatif kusa da kyamara, ya ɗora a sikeli kuna kallo, ku ce ya ɗora cokali ko wani abin da kuka zaɓa a lokacin a kan kwalin. Mai kaya na gaske ba ya jin haushin wannan, shi ma ya san kuɗin ba kaɗan ba ne. Wannan kuwa kullum kyamararsa ta lalace, ko kayan na sito a wani gari, ko ya hau fushi wai ka zarge shi bayan duk cinikin da kuka yi a baya. Fushin nan ma cikin aikin yake. Cinikin biri a sama ne yake so ku yi kuma ku ji kunyar tambaya.

Masu kula da guruf, ku ma da naku. Shaidar sikirinshot ba shaida ba ce, a sa doka duk cinikin babban saiti a rubuta shi a fili a ƙarƙashin tallan, "na biya kafin alƙalami", kowa ya gani. Da an yi haka da mutum na biyu bai biya ba. In dai saitin mai tsada ne gara a bi ta BrickLink, wanda LEGO da kansu suka saya a 2019, ko Brick Owl ko eBay, a duba tarihin mai sayarwa a ga ko ya taɓa sayar da manyan kaya ko duk 'yan ƙanana ne, a kuma biya a cikin dandalin, don ko a can in ka yarda aka ja ka waje ka zubar da kariyarka.

Wanda abin ya riga ya faɗa masa, kar ka goge hirarku, ka ɗauki hoton komai har da sunan asusun da ka tura wa kuɗi da lambar bibiya, in kwali ya zo ka ɗauki bidiyon buɗe shi tun daga ledar waje ba yankewa. Ka sanar da bankinka yau, ka kai rahoto wajen 'yan sanda ka karɓi takarda don banki kan nema, ka faɗa wa masu kula da guruf ko a ɓoye ne don a haɗa ku da sauran, asusun da aka tura wa kuɗin shi ne zaren da zai haɗa sunayen nasa duka. In ta Goods and Services ka biya, PayPal kwana 180 suke bayarwa daga ranar biya don buɗe ƙorafi in kayan bai zo ba, in kuma ya zo ba yadda aka faɗa ba wa'adin kan fi haka gajarta, shi ya sa yake ta jan mutane da "sati mai zuwa insha Allahu zan mayar maka". Wanda ke da kwalin da ya saya wajensa a rufe a kan kanta, ya lissafa kwanakinsa ya buɗe shi gaban kyamara kafin wa'adin ya cika.