Wata uku ina koyon Guandao a Dengfeng

Guandao ƙatuwar adda ce mai lanƙwasa da aka ɗora a kan doguwar ƙota. Tsawonta ya kusa mita biyu, gindinta kuma akwai ƙarfe mai tsini da ke daidaita nauyi. Ita ta kai ni wata makarantar kungfu a Dengfeng, lardin Henan na ƙasar Sin, garin da haikalin Shaolin da ya shahara da kungfu yake.

Sunan Guandao ya samo asali ne daga Guan Yu, jarumin da ya mutu a shekarar 220, kodayake masana tarihi na cewa sai a zamanin daular Song, ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa, makamin ya bayyana. Malaminmu bai ɓoye mana wannan ba, kuma tun daga nan na fara ganin girmansa.

Sati biyun farko ko taɓa ta bai bari na yi ba. Sai tsayuwar doki, wato ka ware ƙafafu ka durƙusa kamar mai zama a sirdi, har cinyoyi su riƙa rawa. Raina ya ɓaci, don kuɗi na biya. Ranar da ya miƙo mini ita na gane dalili. Na ɗaga da ƙarfin damtse na kai sara, nauyin ya fizge ni gaba, saura kaɗan in kifa. Ya zo ya dafa ƙuguna ya juya ni a hankali, sai ga addar ta tafi da kanta, har ina jin iska na kuka a bakinta. Ashe ƙugu da ƙafa ne ke sara, hannu jagora kawai yake yi. Wannan darasin shi kaɗai ya fanshe mini kuɗina.

Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya koma kanta. Zagayo da ƙotar ta bayan wuya ya fi komai ba ni wahala. Sau da yawa na ƙwale kaina.

Inda makarantar ta gaza shi ne yawan ɗalibai. Mun yi wa malami ɗaya yawa, wani lokaci sai ka yini kana maimaita kuskure ba wanda ya lura. Addunan atisayen ma na siririn ƙarfe ne mai lilo, irin na wasan nuni, mai nauyin gaske ɗaya ce tak muke karɓa-karɓa.

Duk da haka zan koma. Amma wanda bai taɓa riƙe gora ba, ya fara da ita tukuna, kuma kafin ya biya ya tambayi mutum nawa ne a aji.