GARGAƊI ga mutanen Garwa: mai tallar akwatin wutar kwamfuta "marar ƙara" ɓarawo ne

Jama'ar Garwa, musamman masu shagon buga takardu da masu gyaran kwamfuta, akwai wani yaro da ke yawo a kan babur yana tallar akwatin wutar kwamfuta, wanda masu gyara ke kira alimantasiyo, yana cewa nasa ba ya ƙara ko kaɗan. Ɓarawo ne. Jaka 38 ya karɓa a hannuna, sefa 38,000, kuɗin da na tara da buga takarda shafi bayan shafi. Da kuɗin kaɗai ne da na haɗiye, amma ya kashe mini kwamfutar da nake ciyar da iyalina da ita.

Ina jin masu cewa ai da ka bincika. Na bincika. Ba yau na fara taɓa kwamfuta ba. Tawa tsohuwa ce, Core i3 ta kan tebur, amma lafiyarta lau, ciwonta ɗaya ne, ƙara. Fankar cikin akwatin wutar ƙarama ce, mai milimita 80, ƙurar hunturu ta cinye ta, tana kuka kamar injin markaɗe tun safe har dare. Mutum yana karanto mini wasiƙa sai na ce ya maimaita. In na koma gida kaina sarawa yake. Shi ya sa na nemi canji, kuma na san abin da nake nema: akwati mai babbar fanka, milimita 120, wadda ke tura iska mai yawa ba tare da ta yi gudu ba, mai tambarin 80 Plus, don irinsa ba ya mayar da wuta mai yawa zafi, fankar ba ta wahala. Har filogin na duba kafin in yi magana da kowa, mai haƙori 24 ne, irin na kowa. Wannan aikin wanda bai san komai ba ne?

Ya zo shagona a Yelwa bayan azahar. Kwali sabo, leda sabuwa, an rubuta wat 650, 80 Plus Gold, da sunan wani babban kamfani a jiki. Ya ce, "Yaya, ɗauka ka ji nauyinsa." Na ɗauka. Yana da nauyi. Kowa ya san na jabu ba shi da nauyi, ni ma na sani, shi ma ashe ya san na sani. Da hannunsa ya kwance tsohon, ya ɗaura wannan, ya jona wayoyi, ya danna. Kwamfuta ta tashi, shiru. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Yaya, saurara." Na saurara. Wallahi tun da na sayi kwamfutar nan ban taɓa jin shagona haka ba, har maganar mai shayin ƙofa nake ji.

Kuma na tambaya. Ina so a san na tambaya. Na leƙa bayan kwamfutar na ga fankar ba ta motsi, na ce, "Ƙanina, wannan fankar fa a tsaye take." Ya yi murmushi ya ce ai shi ne sirrin, sababbin haka suke, fanka ba ta juyawa sai aiki ya yi nauyi. Kuma gaskiya ne akwai irin su, Corsair da Seasonic suna yin akwatunan da fankarsu ke tsayawa cik in aikin ba shi da yawa. Na san da haka kafin ya faɗa. Da gaskiya ya rufe ƙaryarsa, wa zai gane? "Yaya, saurara." Maganar nan ta ƙi fita daga kunnena. Yatsan nan da ya ɗaga, da yadda ya karkata kai yana kallona.

Au, kafin wannan ma, a WhatsApp muka fara. Wani ya turo tallarsa a rukunin 'yan sana'a, na yi masa magana, ya ce kayan daga Duwala suka taso, jirgin ƙasa ya kawo su Ngaundare, mota ta ƙaraso da su, saura biyu, ɗaya wani a Marwa ya riga ya kama. Jaka 45 ya fara cewa. Muka yi ta ja har 38. Jaka 30 na ƙirga masa a kan teburina, jaka 8 na tura ta Orange Money, saƙon yana nan a wayata. Jaka 38. Ya zauna ya sha ruwana, da aka kira la'asar muka tafi masallaci tare, kafaɗarsa a jikin tawa. Ya ce garanti wata shida, in wani abu ya faru ko tsakar dare ne in kira shi. Tsohon akwatin nawa ma ya tafi da shi, ya ce zai cire mini sukurori ya dawo da shi. Wanda ke aiki, wanda ƙara kawai yake yi, shi ma ya tafi.

Ba a jima ba kwamfutar ta fara mutuwa da kanta da rana tsaka. Kun san zafin Garwa a watan Afrilu, ya kan wuce digiri 40, ga rufin kwano. Na ɗauka wutar gari ce. Na kira shi, ya ɗauka, ya ce in ɗan huta da ita, sabo take yi da kwamfutar. Wannan ne kiran ƙarshe da ya amsa. Ranar da abin ya faru ina tsakiyar buga wa wata ɗaliba kundin kammala karatunta, sai na ji tas, sai warin roba, hayaƙi siriri ya fito ta baya. Allo ya yi baƙi. Yarinyar tana zaune a gefena, takardunta a cinya, ta ce, "Baba, aikina yana ciki?" Ban iya ba ta amsa ba.

Wani mai gyara a babbar kasuwa, dattijo da na daɗe da sani, shi ya buɗe akwatin a gabana. Wayar fankar a yanke take, an naɗe bakin da baƙin salatif an cusa ƙarƙashi. Ba wani sirri, ba wata fasaha, almakashi ne kawai. Nauyin da na ji kuma guntun ƙarfe ne aka manna da gam a jikin kwanon. Cikin tsohon akwati ne mai arha, wayoyi sirara, kwandansa, wato ƙananan gwangwanayen da ke riƙe wuta, guda biyu sun kumbura, wuraren da ya kamata a ga kayan kariya babu komai sai ramuka. Dattijon ya ce na kirki in ya yi zafi ko wuta ta haura yana kashe kansa ne, wannan kuwa sai ya tura wutar cikin kwamfuta. Babban allon da ke cikin kwamfutar, wanda komai ke jone a kansa, ya ƙone. Faifan ajiyar ma ya ƙi tashi, da takardun mutane a ciki: wasiƙun neman aiki, takardun jarrabawar shiga aikin gwamnati, kundin yarinyar nan. Sai ya ƙara da abin da ya fi ci mini rai, ya ce tsohon nawa fanka kawai yake so, da an canza ta da jaka biyu ko uku an gama. Jaka 38, da allo, da faifai, da kunyar mutanen da suka amince da ni.

Lambarsa yanzu a kashe. Sunan da ke kan lambar da na tura wa jaka 8 ba shi ne sunan da ya faɗa mini ba. Shagon da ya ce yana da shi a Lopere na je, mai sayar da takalma na tarar, bai taɓa jin labarinsa ba. Allah ya isa tsakanina da shi, ban yafe ba.

Hotunan hirarmu, da saƙon kuɗin, da hoton wayar da aka yanke da ƙarfen da aka manna, duk zan sa su anjima in na samu caji, kowa ya gani da idonsa. Akwatin yana hannuna, da shi zan je kwamisariya, wato ofishin 'yan sanda.

Kada ku saya a kan babur. Duk wanda ya ce fankarsa ba ta juyawa, a ɗora wa kwamfutar aiki mai nauyi har ku ga ta juya, kuma mai gyara ya auna wayar rawaya, volt 12 ya kamata ta bayar. Kada ku buɗe akwatin da kanku, yana riƙe wuta ko an zare filogi. Wanda yaron nan ya sayar wa irinsa ya kashe kwamfutarsa yanzu, ya yi mini magana ta akwatin saƙo mu je kwamisariya tare.