Malesiya ko Ingila: amsa ga 'yar uwar da za ta tafi da yara uku

'Yar uwa, kin ce maigidanki ya samu gurbin digiri na uku a wuri biyu, ɗaya a Serdang ta Malesiya, ɗaya a Birmingham ta Ingila, kuma da ke za a tafi da yara uku, babban yana da shekara bakwai. Kin tambayi inda ya fi sauƙi ga gidan da ba ya wasa da salla da tarbiyya. Na yi shekara huɗu a Serdang, yanzu muna shekara ta uku a Birmingham, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Da salla zan fara, don ita ce ta fi bambanta. Malesiya tana dab da tsakiyar duniya, dare da rana kusan kai ɗaya suke duk shekara. Asuba tana kewaya ƙarfe shida saura, magariba bakwai da 'yan mintuna, azumi awa goma sha uku da ɗoriya ko a wane wata ya faɗo. Ga ladan yana shigo miki har ɗaki. Duk babban kanti, gidan mai, tashar jirgin ƙasa ko wurin hutawa a babbar hanya akwai ɗan masallacin da suke kira surau, da wurin alwalar mata daban, har da farin hijabin salla da suke kira telekung a rataye don wadda ta fito ba shiri. Shekara huɗu ban taɓa fita ina tunanin inda zan yi la'asar ba.

A Birmingham kuwa lokaci ne yake yawo da ke. A Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, magariba kuma huɗu saura. Azahar da la'asar duk a makaranta suke samun yaro, yana dawowa gida ana shirin magariba. A Yuni magariba sai tara da rabi na dare, asuba kuma tun wajen ƙarfe uku, har akwai makonnin da shafaƙi ba ya ɓacewa sam, shi ya sa za ki ga masallatai biyu a unguwa ɗaya kowanne da lokacin isha'insa. Ladan ba ya zuwa miki, sai dai ki manna jadawalin masallaci a jikin firij ki saka waya ta tuna miki. Ki tashi yaro ɗan shekara goma ƙarfe uku ya yi asuba, ya koma barci, ki sake tashinsa bakwai don makaranta: wannan aikin uwa ne, kuma yana cin jiki. Abin da zai sauƙaƙa muku shi ne azumi yanzu ya gangaro watannin sanyi. Waɗanda suka yi na 2016 sun kai awa goma sha takwas da ɗoriya.

Kada ki ɗauka Birmingham ba Musulmi. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen garin Musulmi ne. A Small Heath, Alum Rock da Sparkbrook za ki samu mahauta na halal a jere, ga masallacin Green Lane, ga babban masallaci a Highgate. Niƙabi ma ba baƙon abu ba ne a waɗannan unguwanni. Matsalar tana farawa ne idan kin fita daga cikinsu. A kanti sai kin juya bayan kowace alewa kin duba ko akwai gelatin, wani sinadari da ake samu daga fata da ƙashin dabba, har da alade, sai kin koya wa yaro ya tambaya kafin ya karɓi abin da aboki ya miƙo masa. A Malesiya tambarin halal na hukumar JAKIM ya ɗauke miki wannan, kayan da ba na halal ba kuma ɓangarensu daban a kanti. Banɗaki ma haka: can ko'ina akwai tiyon ruwa, nan kuwa 'yar gorar ruwa ba ta barin jakata.

Wani abu da ba wanda ya gaya mini kafin mu tafi shi ne mazhaba. Mutanen Malesiya Shafi'awa ne, liman yana bayyana bisimilla, yana ƙunutin asuba a bayyane bayan ruku'u, hannu a ɗage. A Birmingham masallatai da yawa Hanafawa ne, la'asarsu tana jinkiri fiye da wadda muka saba. Yara za su dawo da tambaya, gara ku fara yi musu bayani tun a gida. Sallar idi kuma a Malesiya sanarwa ɗaya ce ga ƙasa duka, hutu ne na gwamnati, maƙwabta su buɗe gida kowa ya shigo ya ci. A nan na ga shekarar da mu muka sha ruwa maƙwabciyata tana azumi, don masallacinmu yana bin Saudiyya nasu yana bin wani lissafin. Ranar aiki ce kamar kullum, sai dai a nema wa yaro izini a makaranta. Layya ma ba a yanka a gida, mahauci ake ba wa kuɗi. A Serdang mu bakwai muka haɗu a saniya ɗaya a harabar masallaci, yara suna kallo.

Kin ga kamar Malesiya ta cinye komai, to ga inda Ingila ta fi. Makarantar gwamnati kyauta ce ga yaranki, da Turanci. A Malesiya ta gwamnati da harshen Malay ake koyarwa, yawancinmu makarantun kuɗi muka kai yara, kuma su ne suka fi cin kuɗin tallafin maigida. Matar ɗalibi a can ba ta da izinin aiki, a nan kuwa matar mai digiri na uku tana iya aiki. Tun Janairun 2024 aka hana yawancin masu digiri na biyu zuwa da iyali, amma ku bai shafe ku ba. Sai dai ku lissafa kuɗin lafiya da ake biya tare da biza, fam 776 a shekara ga kowane mutum, ku biyar, kuma na duk shekarun ake biya a dunƙule. Ga haya, ga kuɗin ɗumama gida. Ita makarantar kyautar ma sai kin sa ido: je ki nemi a nuna miki manhaja. Doka ta ba iyaye damar cire yaro daga darasin addini da na jima'i, amma ba daga darasin zamantakewar iyali ba. Islamiyya kuma ta yamma ce, ta kuɗi, bayan yaro ya riga ya gaji.

Nisan gida ma abin dubawa ne. Malesiya tana gaban Najeriya da awa bakwai, lokacin da Hajiya ta idar da isha'i ta zauna hira, ke kina tsakiyar dare. Ingila kuwa lokacinmu ɗaya da bazara, awa ɗaya ne tsakani da sanyi. Lokacin da mahaifina ya kwanta ciwo muna Serdang, na fi jin wannan tazarar fiye da komai.

Na tafiya kuwa, ki ɗauki darasi daga abin da ya same mu. Zuwanmu Malesiya na farko, katin rigakafin shawara na yara yana cikin babban akwati, jami'an filin jirgi kuma kafin a kai ga akwati suke tambayarsa daga duk wanda ya fito daga ƙasa irin tamu. Bayan tafiyar kusan kwana guda da yada zango a hanya, muka zauna a gefe awanni, ƙaramar tana kuka, har aka nemo akwatin. Katin nan ya zauna cikin fasfo, a jakar hannu. Filin jirgin Kuala Lumpur kuma tasha biyu ce, sai an hau jirgin ƙasa ko bas tsakaninsu, ki duba tikiti da kyau kafin ki gaya wa direba.

Shigowarmu Ingila kuma kilishi da man shanun da surukata ta haɗa mana da hannunta aka karɓe, don an hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashenmu. Ban yi kuka don kilishin ba, wahalarta na tuna. Ki roƙi dangi su tsaya a kan kuka, kuɓewa busasshiya da yaji. Sannan akwai sauyin agogo, Lahadin ƙarshe na Maris a ƙara awa ɗaya, na Oktoba a rage. Shekararmu ta farko agogon bango muka bi, muka isa tasha bas ɗin Landan ya tashi, da yara da kaya a cikin sanyi, sai sabon tikiti muka saya. Duk ƙasashen biyu ta hagu ake tuƙi, don haka ki riƙe hannun yara a bakin titi har idonku ya saba duba dama da farko.

Da ni ce ke, da yara ƙanana haka, kuma tallafin zai ɗauki kuɗin makarantarsu, Serdang zan zaɓa. Shekarun da yaro yake koyon salla ne, kuma a can gari duka yana taya ki. Babbana ladan ne ya koya masa tashin asuba kafin ni. Idan kuwa kuɗin ba zai kai ba sai kin yi aiki, ku zo Birmingham, amma kada maigida ya kama gida don kusancin jami'a kawai. Ya nemi inda za ku iya takawa zuwa masallaci da ƙafa, ko da shi zai riƙa hawa bas biyu kullum. Ki turo mini adadin tallafin ta akwatin sirri mu zauna mu lissafa tare kafin ya ba su amsa.