Na'urar Gem Ta Hannu: Wacce Za Ta Iya Zaman Katsina?

Ɗan yayata ya yi kusan shekara biyu yana tara kuɗi, na aikin hutu da na barka da sallah. Ranar wata Asabar bayan la'asar ya same ni a shagona da ke wajen Ƙofar Ƙaura, inda nake gyaran kwamfuta da ɗora manhajoji, ya miƙo mini wayarsa da hoton Steam Deck a kai.

"Kawu, wannan nake so. Duba mini ko kuɗina sun kai."

Na ce, "Wane gem za ka buga da ita?"

Ya ce, "Ƙwallo mana, Kawu."

Sai na jawo masa benci na ce ya zauna, domin da ya tura kuɗin nan Legas kafin ya zo wurina, da ya sayo na'ura mai kyau wadda ba za ta buɗe masa ƙwallon da yake so ba. Abin da na faɗa masa a ranar shi nake son faɗa wa duk mai irin wannan niyya. Masu bayanin waɗannan na'urori a YouTube suna zaune a ɗaki mai sanyi, wutarsu ba ta ɗaukewa, intanet ɗinsu ba a auna shi da gig. Mu kuwa abu huɗu ne ke yanke mana hukunci: gem ɗin da kake so, wuta, data, da zafin gari. Farashi zan kawo shi a dala, yadda kamfani ya sa lokacin fitarwa, tunda na naira yana bin canji ne, yau daban gobe daban.

Bari in fara da Steam Deck ɗin, tunda ita ce ta kawo maganar. Kamfanin Valve ya fito da ita a Fabrairun 2022, mafi arha a kan dala 399, sannan ya kawo mai fuskar OLED a Nuwamban 2023. Kwamfuta ce sosai aka matse ta ta zama ta riƙewa a hannu, kuma ina ƙaunarta. Gem kamar GTA V, wanda a da sai ka je gidan gem, za ka buga shi kana kishingiɗe a zaure. In ka haɗa mata allo da kibod da linzami, ta zama kwamfutar tebur da za ka yi rubutu da LibreOffice. Sai dai ba Windows ba ce a cikinta, SteamOS ce, wadda aka gina a kan Linux. Tun daga FIFA 23, kamfanin EA ya sa wa gem ɗin ƙwallonsa wata manhajar hana maguɗi da ba ta aiki a Linux, don haka EA Sports FC, wanda ya gaji sunan FIFA a 2023, ba ya tashi a kanta. Fortnite ma haka. Ana iya ɗora mata Windows, na sha yi wa mutane, amma kamar ka sayi shadda mai tsada ce ka kai a rina ta: abin da ya sa ta yi daɗin amfani, wato ka danna maɓalli ta yi barci ka sake dannawa ka ci gaba daga inda ka tsaya, shi ne zai fara ba ka ciwon kai.

Ga kuma nauyi, wajen giram 670, hannu yana gajiya. Valve ba ya sayar da ita kai tsaye a Najeriya, duk wadda ka gani wani ne ya shigo da ita, ma'ana in ta lalace babu wanda za ka mayar wa. Batirin ta farko yana kai awa biyu zuwa takwas, kuma manyan gem suna kusa da biyun ne. Cajarta mai wat 45 ce, ƙaramin fawa bankin da kake cajin waya da shi ba zai riƙe ta ba.

Wanda ya nace sai ƙwallo irin na kwamfuta a hannunsa, ASUS ROG Ally ce tasa, ko Lenovo Legion Go, duk sun fito a 2023 da Windows 11. FC yana tashi a kansu lafiya lau. Amma Ally ta farko, mai dala 699, batirinta ƙarami ne a kan ƙarfin da take ja, da wuya ka gama wasa huɗu ko biyar ba ka nemi soket ba. Ally X ta 2024 ta ninka batirin, ta kuma ƙara kuɗi. In ba ka da sola a gida, kada ka ma fara.

Akwai kuma abin da masu sayarwa ba sa faɗa, wato data. Gem ɗin FC na kwamfuta yana neman ka ware masa fili har gig 100, GTA V ma ya kusa haka. Bayan ka sauke, sai sabuntawa ta biyo baya, wani lokaci gig da yawa a tashi ɗaya, kuma wasu gem ba za su bar ka ka shiga ba sai ka yi. Ka lissafa kuɗin datar wata guda ka ɗora a kan farashin na'ura kafin ka ce kuɗinka sun kai. Sannan sayen gem a Steam, wato kantin gem na Valve a intanet, yana son katin da ke biya da dala, katin naira kuwa ba kullum yake wucewa ba.

Nan ne Nintendo Switch ta fi su dacewa da mu, kuma a kanta zan daɗe. Ta fito a Maris na 2017, ƙarfinta bai kama ƙafar na Steam Deck ba, amma tana da abu ɗaya da ya fi ƙarfi amfani a garin nan: gem ɗinta yana zuwa a ɗan kati kamar mimori. Ka saya, ka zura, ka buga. In ka gaji da shi ka ara wa abokinka, ko ka yi musanye, ko ka sayar ka cika kuɗi ka sayi wani. Gem ɗin da ka saya a Steam ya zauna a asusunka ke nan, ba ka da ikon sayar da shi. Katin ma an shafa masa wani abu mai ɗaci da gangan don kada yara su haɗiye, wanda duk mai ƙananan yara a gida zai gode wa wannan. Wasu manyan gem, har da FC, suna neman ƙarin saukewa ko da ka sayi katin, to ka karanta bayan kwalin.

Iri uku ne. Ta asali tana da fuska inci 6.2, ana ɗora ta a mazauninta ta haska a talabijin, kuma hannayenta biyu, Joy-Con, suna cirewa, ka miƙa wa ƙaninka ɗaya ku buga tare ba tare da ka sayi fad na biyu ba. In za ka sayi wannan, ka nemi wadda aka gyara wa batir a 2019, mai jan kwali, tana kai awa huɗu da rabi zuwa tara. Switch Lite, ita ma ta 2019, dala 199, ƙarama ce mara nauyi, amma ba ta haɗuwa da talabijin sam, hannayenta kuma ba sa cirewa. Ga wanda ke bin motar Kano ko Daura kullum tana da daɗi, amma a gidan da ke da yara biyar rigima za ta jawo. Sai mai OLED ta 2021, inci 7, launinta ya fi kyau, ma'ajiyarta gig 64. Ƙwallon FC yana nan a Switch, sai dai bai kai na PlayStation santsi da kyan hoto ba, wanda ya saba da gidan gem zai ji bambancin a minti biyar na farko. Ni dai a ganina, wasan da kake iya bugawa an ɗauke wuta ya fi wanda kake jira a kawo.

Switch 2 ta fito ranar 5 ga Yunin 2025 a kan dala 449.99, ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma tana buga yawancin gem ɗin tsohuwar. Amma wasu katunanta mabuɗi ne kawai, gem ɗin kansa sai ka sauke shi gaba ɗaya. Ga mai auna data, wannan ya rushe babban dalilin sayenta.

Iyaye su sani akwai manhajar waya ta Nintendo da uba zai sa wa na'urar iyakar lokaci, awa ɗaya ko biyu a rana, ta kuma tsayar da wasan in lokaci ya cika. Da ita yayata ta yarda da maganar tun farko, saboda Islamiyya da sallar magariba.

Yanzu zafi. Nintendo ya ce a yi amfani da Switch tsakanin digiri 5 zuwa 35, Valve ma ya ce Steam Deck ta fi aiki daidai in zafin wuri bai wuce 35 ba. A watan Afrilu da Mayu garin nan yana haura 40. Kada ka buga kana caji da tsakar rana, kada ka bar ta a cikin mota, kada ka ɗora ta a kan katifa ta toshe kafar iska. Hunturu kuma da tasa matsalar. Na buɗe wata na'ura da aka kawo mini a watan Janairu tana mutuwa da kanta, na tarar da fankar ta cushe da ƙura ja, ta dunƙule kamar auduga, sai da na sa ɗan buroshi na yi ta kaɗewa kafin ta juya. Jaka mai zif ba ado ba ce a nan.

Su kuwa ƙananan na'urorin China masu kama da Game Boy, irin su Anbernic RG35XX da Miyoo Mini Plus, suna da arha kuma batirinsu yana jimawa. Gem ɗin da, daga Sega zuwa PlayStation na farko, suna tafiya sumul. Kada dai a ruɗe ka da "gem dubu goma sha biyar a ciki", yawancinsu maimaici ne. Na taɓa saya wa ɗana wata marar suna a hannun wani ɗan kasuwa, mimorin da ta zo da shi ya mutu a sati na uku da duk abin da yaron ya adana. In ka saya, ranar farko ka kwafe komai zuwa mimori mai kyau.

PSP kuma, wato ƙaramar PlayStation ta hannu, duk da ƙaunar da muke mata, Sony ya daina yin ta tun 2014. Wadda za ka samu yanzu batirinta ya kumbura ko ya gaji. Manhajar PPSSPP, mai buga gem ɗin PSP a waya, kyauta ce, kuma matsakaiciyar wayar Android tana buga God of War da Tekken 6 da ita fiye da yadda PSP ɗin ta yi. Gaskiya ma, wanda kuɗinsa ba su da yawa, ya sayi fad mai Bluetooth ya haɗa da wayarsa, ga eFootball kyauta, ga Dream League, ya riƙe sauran kuɗinsa.

Ɗalibin Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Kwalejin Hassan Usman da ke son gem kuma furojet na jiransa, laftof na hannu zai nema, mai katin hoto na NVIDIA, da RAM gig 8 zuwa sama, da SSD. Ya tabbatar tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma yawancin masu furosesan Intel da ya girmi zubi na takwas (8th Gen) ba sa hawa. Ina roƙonsa ya guji gem ɗin sata da ake turawa a filash. Rabin kwamfutocin da ke zuwa shagona da ƙwayar cuta ta nan suka ɗauko, kuma ba gem ɗin ke tafiya ba, babi uku na furojet ne ke tafiya.

Ɗan yayata dai ya tsaya a kan Switch mai jan kwali, ta hannu. Na raka shi Kano, kasuwar Farm Center, muka sami wani matashi mai shago da ya yi haƙuri da mu. Na shiga saiti, wurin gwada analok, wato 'yar sandar da ake juyawa da babban yatsa, na saki sandar ina kallon ɗigon da ke tsakiyar da'ira, domin sanannen ciwon Joy-Con shi ne sandar ta riƙa tafiya da kanta ba a taɓa ta ba. Ta farko ɗigon ya yi ta zamewa hagu a hankali, muka ajiye ta. Ta biyu ya tsaya cak. Na kunna mata intanet daga wayata muka buɗe shagon Nintendo na intanet, saboda na'urar da aka taɓa yi wa kutse kamfani yana iya toshe ta daga intanet ɗinsa har abada, kuma ba a gane hakan daga waje. Muka zura kati ya karanta, muka ɗora ta a mazauni ta haska a talabijin ɗin shagon, na jijjiga Joy-Con ɗin a kan layinsu in ji ko sun saki. Sannan na ce a bar ta tana wasa rabin awa muna hira, in ga nawa batir zai sauka.

Mai shagon ya ce, "Alhaji, ai kai ka fi ni sanin kayan."

Na ce masa cajar asali nake so ya haɗa mana, ba wadda ya ciro daga ƙarƙashin kanta ba. Ya shiga ciki ya ɗauko. Canjin da ya rage muka sayi jaka mai zif da katin FC na bara, wanda ya faɗi ƙasa da rabin kuɗin sabo, muka kama hanyar tasha kafin la'asar.