Shagon furobishin da ya ci sunansa a Badariya

Shekara goma sha ɗaya ina koyar da Turanci a Birnin Kebbi, kuma duk ajin da na shiga, yara sun ɗauka provision sunan madara da sukari ne kawai. Ba laifinsu ba ne, abin da suke gani ke nan a allon shaguna. Amma kalmar aikatau ce kuma. In Bature ya ce to provision a ship, yana nufin a loda wa jirgin ruwa abinci da ruwan sha da duk abin da zai ishe shi kafin ya bar gaɓa. Haka ma ake cewa in rundunar soja ce ko ayari. Asalinta Latin ne, daga pro, wato gaba, da videre, wato gani. Hango buƙata tun ba ta zo ba. Mu da Hausa sai mu ce yi wa mutum guzuri.

Makon jiya na ga wanda ya iya wannan aiki. Ɗiyata za ta koma makarantar kwana a Argungu, na shiga wani ɗan shago a Badariya tare da ita, riƙe da takardar sayayya. Mai shagon, dattijo ne, ya karanta ta a tsanake, sannan ya ce, "Malama, yaushe za ku kai mata ziyara?" Na ce sai bayan mako shida.

Nan take ya mayar da madarar ruwa ta gwangwani da na ɗauko. Ya ce in ta fasa da safe, da zafin nan namu kafin dare ta lalace. Ya kawo Peak ta gari a ƙananan ƙulli, ya ƙirga arba'in da biyu, ɗaya kowace safiya. Milo ma haka. Garin kwaki ya ɗebo a tafin hannu ya ce in ɗanɗana, ya bushe ƙayau, ba tsami mai yawa. Sabulu da Omo ya ɗaure su a leda daban don kada ƙamshinsu ya kama biskit, abin da ni uwa ban taɓa tunawa ba. Kowane gwangwanin kifi sai da ya juya ya nuna mini ranar ƙarewarsa.

Shagon yana da matsi, mutum uku sun cika shi, ba kuma rumfa a waje. Na'urar POS ɗinsa ta ƙi aiki ranar, sai da na tura ta waya muka tsaya jiran saƙo. Farashinsa ya ɗan ɗara na babbar kasuwa, amma zan koma.

Da ya rufe kwalin, ya jefa ƙullin ƙuli-ƙuli a ciki, ya dubi yarinyar ya ce, "Ɗiyata, wannan na shan gari ne, ki yi karatu da kyau." Ranar Litinin da labarinsa na buɗe darasi a aji biyu.